Zulmira Mai Allura da Gashin Bakin Ƙawarta

Zulmira ta yi rigima da mutane da yawa a Peniche, garin masunta na bakin teku, kuma yawanci ita ke kai abokin faɗa ƙasa. Amma rigimar da aka fi tunawa ita ce wadda aka kayar da ita, a kan allo, a bakin ƙofa, gaban rabin matan kasuwa.

Dawowarta ke nan daga Faransa. Ta bar garin nan tana budurwa mai yanke kan kifi a kamfanin gwangwani, hannu duk ƙarni, ta je Lyon aikatau gidan wata mata mai gyaran fuska. Da shara ta fara. Daga shara aka ce ta riƙe fitila, daga fitila uwar ɗakin ta lura hannun yarinyar ba ya rawa, ta danƙa mata allura. Ta dawo gida shekara guda bayan juyin mulki, lokacin da kowa ya ɗauka an buɗe baki ke nan, komai sai a faɗa. Akwati biyu ta zo da su, ɗaya na tufafi, ɗaya na na'ura: wani ƙarfe ruwan toka mai waya da abin takawa irin na keken ɗinki. Ta kama ɗaki a saman likitan haƙori, Dakta Amilcar, ƙofa ɗaya, matakala ɗaya. Sannan ta je wurin mai fentin jiragen kamun kifi ya rubuta mata allo, shi kuwa bai iya ƙananan haruffa ba, ya saba rubuta sunan da za a hango daga tsakiyar teku. ANA CIRE GEMU DA GASHIN BAKIN MATA, BA YA DAWOWA.

Fentin bai gama bushewa ba Dona Arlete, wato Uwargida Arlete, matar likita, ta sauko da takalmin ɗaki, gashi a nannaɗe cikin robobi. Ta ce ƙofar nan ta mutumin kirki ce wanda ya yi karatu a Coimbra, ita kanta tana shiga da fita ta nan safe da yamma, yanzu so ake duk wanda ya gan ta ya dubi haɓarta? Zulmira ta ce zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce, a Faransa mace na zuwa a cire mata gashi kamar yadda take zuwa sayen burodi. Dona Arlete ta ce to ta ɗauki allon ta je ta rataye shi a Faransa. Murya ta hau, mata suka taru da kwandunansu, sai matar likita ta juya gare su.

"Maƙwabta, ku tsaya mu ji. Wadda ke da gemu a cikinku ta ɗaga hannu, ga mai magani ta taso tun daga Faransa."

Ba wadda ta ɗaga. Wasu hannayen dai sun tashi a hankali sun gyara ɗaurin ɗankwali a ƙarƙashin haɓa, suka koma. Can daga baya hannu ɗaya ya miƙe, katon hannu mai ɓawon kifi. Idalina ce mai sayar da kifi, da farantinta a ka.

"Gemu bai iso ba tukuna, yana hanya," in ji ta. "Amma gashin baki ga shi, kowa shaida ne." Fuskar Zulmira ta washe. "Sai dai ba na cirewa ba ne, yarinya. Mijina Firmino ya ce da shi ya gan ni ya so ni, ranar da ya rasa shi a fuskata zai koma gidan uwarsa, ita ma tana da nata."

"To kin ji," in ji Dona Arlete. "Gari guda, gashin baki ɗaya, shi ma da mai shi."

Kafin yamma an sauke allon. Idalina ce ta ɗauke shi ta kai teburinta, ta kifa rubutun ƙasa, ta riƙa yanka kifi a bayansa. Zulmira ta hau sama ta zauna gaban na'urarta tana tunanin kuɗin jirgin komawa Lyon.

Ba ta koma ba, don ba a yi mako ba aka ƙwanƙwasa mata ƙofa a hankali, irin bugun wanda yake fatan ba kowa a ciki. Ashe da allo babu macen da za ta taka matakalar nan, amma babu allo, ƙofar likitan haƙori ce, kuma ciwon haƙori ba abin kunya ba ne.

Aikin kansa ga yadda yake. Mace ta kwanta, a haska mata fitila, Zulmira ta duƙa kanta da gilashi mai girmama abu. Allurar ta fi gashin kansa siranta. Ba huda fata ake yi ba, bin gashi ake yi ta cikin raminsa har a kai ga saiwa, sannan ta taka abin takawa, wuta ta tafi ta ƙone saiwar. Sai ta kama gashin da hantsaki. In ya zame ya fito ba gardama kamar ƙaya daga dafaffen kifi, to ya mutu ke nan. In ya yi turjiya, da sauran rai, a sake. Haka ɗaya bayan ɗaya, kuma gashi ba ya farkawa tare, wasu na barci a ƙarƙashin fata sai watanni su leƙo, don haka mace takan yi ta zuwa har ta san yawan tsagar da ke jikin rufin ɗakin. Zafinsa kuwa, Zulmira kan ce kamar cizon sauro ne. Ba ta taɓa faɗin girman sauron ba.

Doka ɗaya take da ita, ba ta sassautawa ko ga matar magajin gari: ba tsiga, ba reza. Allura ba ta bin abin da ba ta gani, dole mace ta bar gashin ya fito 'yan kwanaki kafin ta zo. To mace mai mutunci ta yi yaya da haɓa a kwanakin nan, ga kasuwa, ga coci, ga miji? Sai ta ɗaure muƙamuƙi da ɗankwali ta ce haƙori. Cikin shekara biyu ciwon haƙori ya kama matan Peniche kamar annoba, iri mai ban mamaki, wanda ba ya hana cin gasasshen kifin sardin, ba ya hana gulma, yana zuwa wata-wata yana tafiya. Mazaje suka riƙa kawo kanumfari da barasa a kurkure. Dakta Amilcar kuwa, bawan Allah, duk sanda ya ji taku a matakala sai ya miƙe ya gyara farar rigarsa, takun ya iso ƙofarsa, ya wuce sama. Ya mutu yana zargin ruwan famfo.

Dona Arlete ita ma haƙorin ya kama ta a shekara ta uku. Da ta kwanta a gadon ba wadda ta ta da maganar allo. Ta ce gashi biyu ne kawai, kuma gado ne daga dangin uba. Zulmira ta duba ta gilashi, ta ga dangin uban da yawa suke, ba ta ce komai ba.

Wannan rashin cewa komai shi ne jarinta, shi ne kuma ya cuce ta. A kan gadon nan babu abin da ba ta ji ba. Mace in an danne mata leɓe ana gasa ta da wuta, da an ɗaga hannu sai ta fara zuba: wadda miji ke bi a Nazaré, 'yar da aka kai wurin gwaggo a Lisbon “koyon ɗinki” ta dawo bayan wata tara ba ta iya saka zare a allura ba. Suna kuka, suna riƙe hannunta, suna kiranta 'yar'uwa. Washegari a haɗu a kasuwa, matar ta ga wani abu mai muhimmanci a cikin kwandon kabeji, ta kafa masa ido har Zulmira ta wuce. Gaishe ta a titi daidai yake da rataya allon nan a wuya. A coci, in fada ya ce a ba juna hannun salama, wadda ke kusa da ita takan miƙo 'yan yatsu tana kallon rufi. Ana biki, ba a gayyatarta, a aiko mata da kek ta hannun 'yar aiki, a nannaɗe, ba suna. Duk macen da ta tashi daga gadonta da fuska sumul, ta tashi ba ta san ta ba.

Ita ma, a faɗi gaskiya, ba ta sauƙaƙa wa mutane ba. Zulmira ba ta kallon ido. In kana mata magana haɓarka take kallo, tana ɗan karkata kai don haske ya faɗo daidai. Akwai wani ma'aikacin kwastan da ya neme ta da aure, mai gashin baki wanda yake shafa wa mai ya murɗe gefe. Ya kai ta cin abinci sau biyu. A na biyun ya lura tun da aka kawo miya har aka kawo kofi ba ta ɗauke ido daga leɓensa ba, kuma 'yan yatsunta na motsi a kan tebur kamar masu riƙe da wani abu. Ya nemi canjin wurin aiki zuwa kan iyaka.

Mutum ɗaya ce a garin nan ke kiran sunanta daga wancan tsallaken titi, da muryar da take tallar kifi da ita. Idalina ba ta da abin ɓoyewa, nata a fili yake, baƙi wuluk, a kwance lub, ya fi na wasu matuƙan jirgi tsari. Ba wanda zai gan ta da Zulmira ya ce tana hawa sama. Abotar ta fara ne ranar da Idalina ta aika wa Zulmira da kifi “ladan allo”, daga nan sai kofi ranar Asabar bayan tashin kasuwa, a teburin waje na shagon kofi, inda kowa ke wucewa. Ranar Lahadi su saƙala hannu su bi bakin tashar jirage, ɗaya siririya, tsaf-tsaf, da jakar Faransa, ɗaya kamar akwatin kifi da aka sa wa siket. Da Idalina ta haifi 'yarta Graciete, Zulmira ce ta riƙe jaririyar a wurin baftisma, tun daga ranar suke kiran juna komadre, kuma a ƙasar nan komadre ta fi wata 'yar'uwar kusa.

Masunta na zaune kan igiyoyi suna tsokana. Su ce Dona Zulmira, ga aiki a gefenki kina yawo da shi, ko na'urar ta mutu ne? Idalina ta ce wannan samfur ne, ana nuna wa mutane yadda suke kafin a taɓa su. A shekarun farko Zulmira na shan kofi tana ƙirga gashin nan a zuci, hannunta na ƙaiƙayi. A hankali ta daina ganinsa. Fuskar Idalina ce kaɗai fuskar da take kallo a ido.

Haka suka tsufa. Firmino ya mutu a gadonsa, abin da ba kowane masunci ke samu ba, Idalina ta shiga baƙaƙen kaya ba ta sake fita ba. Gashin bakin ya yi furfura gefe-gefe, ya ƙara kwarjini. Graciete ta yi aure a Lisbon ta haifi 'ya mace, ba a kawo yarinyar sosai ba sai da ta fara wayo. Wata bazara suka zo. Idalina ta tare su a tashar mota, ta duƙa za ta sumbaci jikarta kunci biyu, yarinyar ta kauda kai ta ɓuya bayan uwarta, ta ce kaka tana suka. Aka yi dariya. Idalina ta fi kowa dariya. Hutun nan gaba ɗaya yarinyar ba ta yarda ta matso ba, in kaka ta miƙo hannu sai ta miƙa mata goshi, a taƙaice, kamar mai karɓar allura a asibiti.

Ranar da suka koma Lisbon, Zulmira ta ji wani taku a matakala wanda ba ta taɓa ji a nan ba, mai nauyi, ba ya sanɗa. Ba a ƙwanƙwasa ba, aka turo ƙofa. Idalina ta tsaya tana haki, ta dubi gadon, ta dubi na'urar, ta ce, "Komadre, kunna abin nan naki."

Zulmira ta ce na'urar na ɗan ba ta matsala, sai mai gyara ya zo. Mako ya zagayo ta ce allurai sun ƙare, ana jiran saƙo daga Faransa. Da saƙon ya ƙi ƙarewa a hanya ta ce zafi ya yi yawa, fata ba ta son wuta da rani. Sannan ta ce ai bai kamata mace mai takaba ta taɓa fuskarta ba, alhali Firmino ya shekara shida a ƙasa. A duk tsawon wannan lokaci matan haƙori na hawa suna sauka, na'urar da ta lalace tana aiki, alluran da suka ƙare suna suka, kuma teburin kifin Idalina na kallon ƙofar.

Ranar wata Asabar Idalina ta ajiye kofinta ta ce ita ba yarinya ba ce. Ta ce ta gane: ko dai hannun Zulmira ya fara rawa tana jin kunyar faɗa, ko kuwa shekara da shekaru tana yawo da ita ne don duk wadda ta jera da mai gashin baki kyakkyawa ce. Zulmira ta ce hannunta lafiya lau, kyau kuwa ba ta taɓa nema a wurin kowa ba. Idalina ta ce to mene ne? Zulmira ta juya cokali a kofin da babu komai a ciki, ta daɗe tana juyawa.

"Duk wadda ta kwanta a gadon nan, in ta tashi ba ta san ni ba," in ji ta.

"Ni za ki haɗa da waɗannan?"

"Kowaccensu 'yar'uwa take ce min, komadre, har ranar da na gama."

"To ni ba 'yar'uwa nake ce miki ba, tsohuwar banza nake ce miki. Jikata ce ba ta son fuskata. Ki cire, ko in sa rezar Firmino, tana nan a aljihun tebur."

Da jin reza Zulmira ta runtse ido. Ko a mafarki ba za ta bari a yi wa gashi irin wannan aika-aika ba. Ta ce Litinin.

Damina da sanyi suka ƙare a kan leɓen nan. Ba gashin baki ba ne, gona ce, kuma saiwar kowane ɗaya ta yi shekara sittin tana kafuwa. Idalina ba ta ɗaura ɗankwali ba, ta ce me za ta rufe wanda ba a riga an gani ba? Sai gari ya riƙa kallon abin yana ja da baya daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama ɗan guntu ƙarƙashin hanci kamar na wani babban soja, masunta suka fara sara mata in ta wuce. A kan gado kuwa ba ta ba da labarin kowa ba, zagi kawai take yi. Ta zagi Faransa, ta zagi wanda ya ƙirƙiro lantarki, ta ce in wannan ne cizon sauro to sauron da jirgi yake zuwa. Matan da ke zaune a bencin jira, kowacce da ɗaurin haɓa, suna jin ta suna sunkuyar da kai. In ta fito sai ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya tana matse hawaye, ta ce Allah ya sawwaƙe, haƙori ba daɗi.

Zulmira ba ta taɓa yin aiki a hankali kamar wannan ba. Takan cire kaɗan ta ce fata ta gaji. Takan daɗe tana neman wanda ke barci. Amma gona ko ta wane ce tana da iyaka. Ranar da ta duba ta gilashi, ta juya fitila hagu da dama, ba ta ga komai ba sai leɓen wata tsohuwa da ba ta sani ba, ta shafa mata mai, ta ce an gama. Idalina ta dubi madubi ta ce ashe haka bakinta yake, ƙarami da shi, ina duk maganar nan ke fitowa? Ta sauka. Zulmira ta tsaya tana sauraron takun har ya ɓace.

Asabar ta zo. Ta zauna a teburin waje, ta ce a kawo kofi biyu. Kasuwa ta tashi, aka wanke tebura, kofi ɗaya ya huce. Mai shagon ya zo zai ɗauke, ta ce ya bari. Can sai ga Idalina ta ɓullo daga wancan gefen dandali, kai a sunkuye, muƙamuƙi a ɗaure da ɗankwali har hanci, tana bin jikin bango. Zulmira ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya. Ta riga ta san irin tafiyar nan, ta shekara talatin tana ganinta.

Da Idalina ta kai tsakiyar dandali, daidai inda mata ke jiran mota da kwandunansu, sai ta tsaya, ta kama bakin ɗankwalin ta fizge shi kamar magajin gari na buɗe sabon mutum-mutumi.

"Jama'a, ku zo ku ga aiki! Zulmira, tsohuwar banza, taso a gan ki."

Ta bi mutane ɗaya-ɗaya tana tura musu leɓe, tana cewa su shafa, ba a biya. Ta ce ga hannun da ya yi, can zaune, komadre ɗinta ce, a saman ɗakin marigayi likita take, duk mai buƙata ya hau, ai yawancinku ma kun san hanya. Da ta tsaya nan da da sauƙi. Amma wata shida ta yi tana zama a bencin nan, kuma Allah bai halicci Idalina da wurin ajiye magana ba. Ta hango matar mai kantin magani ta tambaye ta ya haɓa, ta lafa? Ta ce wa shugabar mawaƙan coci kar ta karaya, na gefen kunne sun fi taurin kai amma suna mutuwa. Sannan ga Dona Arlete ta fito daga shagon burodi, da sanda, da ɗaurin muƙamuƙi.

"Dona Arlete, ya haƙorin? Wanne ne ke damun ki, na sama ko na ƙasa? Ki cire su ki sa a kofi mana ki huta, ai marigayi ya yi miki su masu fita ne."

Duk garin ya san bakin Dona Arlete babu haƙorin Allah ko ɗaya tun kafin mijinta ya mutu. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da ɗankwalin sai ranar. Masunta suka yi dariya har wani ya faɗo daga kan akwati, daga baya dariyar ta riƙa raguwa, don kowanne ya fara tuna kanumfarin da ya saya. Idalina ta zo ta zauna, ta shanye kofin mai sanyi, ta ce sati mai zuwa za ta Lisbon, za ta ga ƙaryar 'yar banzar yarinyar nan. Zulmira na kallon ta a ido, ta rasa ko ta rungume ta ko ta shaƙe ta.

Ranar Litinin matan haƙori suka hawo su biyar, ba ɗankwali, ba sanɗa, karo na farko da suka taka matakalar nan da rana tsaka kai a sama. Dona Arlete ce a gaba, ita ce kuma mai gidan yanzu, tun da likita ya bar mata ginin. Ba su zauna ba. Ta ce an ci amanarsu. Zulmira ta ce ita ba ta taɓa furta sunan kowa ba, ko a gaban fada. Matar mai kantin magani ta ce ba a ce ta furta ba, amma ita ta kawo mai furtawa ta zaunar a tsakiyarsu, wa ke sa aku a bencin jira? Mijinta tun Asabar yake kallon haɓarta yana murmushi. Shugabar mawaƙa ta ce jiya a coci da ta buɗe baki za ta rera, layin gaba duk suka leƙo. Suka yi ta yi, wannan ta ajiye wannan ta ɗauka.

Daga ƙarshe Dona Arlete ta buga sanda ta faɗi abin da ya kawo su. Ta ce dole Zulmira ta ja wa mai kifin nan kunne ta rufe bakinta, ta kuma daina zama da ita a dandali ana nuna su da yatsa, don duk sanda aka gan su tare maganar za ta tashi sabuwa. In ba haka ba, akwai sabon wuri a garin Caldas, da na'ura mai haske, 'yan mata masu farar riga waɗanda ba su san kowa ba, mota na zuwa kullum. Ɗakin nan kuma akwai wani lauya da ya daɗe yana tambaya.

Zulmira na zaune kan kujerarta, tana goge hantsaki da auduga. Ta ɗago ta bi su da kallo, yadda ta saba, haɓa bayan haɓa, aikin hannunta ne duka, sumul, babu wadda za ka ce ta taɓa sanin gashi. Ta ajiye hantsakin a faranti. Ga abin da ta faɗa, bayansa kuma sai sandar Dona Arlete aka ji tana neman matakala.

"Gashin baki ta kawo min, na cire. Bakin nata ne, ba na taɓawa. Shi kaɗai ne ma bakin da ke gaishe ni a garin nan."